Kogin da ya fi teku gishiri: abin da na gani a gandun dajin Salum

Duk shekara dubban mutanenmu daga Kano da Zariya da Bauci da Damagaram, har da zangunan Kumasi, sukan yi tattaki zuwa Kaulaha ta ƙasar Senegal domin Maulidi da ziyara a Madina Baye. Sukan dawo da labarin masallaci, da cunkoson jama'a, da zafin garin, da daɗin shinkafa da kifi. Da wuya ka ji wanda ya ambaci kogin da garin yake zaune a bakinsa, alhali kuwa kogi ne da ya saɓa wa duk abin da muka sani game da koguna. Sunansa Salum. Daga Kaulaha zuwa inda yake haɗuwa da Tekun Atlantika akwai tafiyar fiye da kilomita 100, amma ruwansa a Kaulaha, musamman da rani, ya fi na tekun kansa gishiri, wani lokaci ninki biyu, wani lokaci ninki uku. Tsibin gishirin nan fari fat da matafiyi ke hangowa idan ya fita garin ta kudu, daga ruwan kogin ake samun sa.

Ruwa ba ya tsami banza. A al'ada kogi yakan gangaro da ruwan daɗi ya tura na teku baya. Shi Salum ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da gangare sosai, kuma ruwan saman da ke ciyar da shi ya ragu ƙwarai tun daga ƙarshen shekarun 1960. Saboda haka teku ne ke shigowa cikinsa, rana ta ƙone ruwan, gishirin ya zauna. Gwargwadon nisanka da teku, gwargwadon ƙaruwar gishirin. Farin da ya jawo wannan kuwa ba baƙonmu ba ne. Shi ne na 1973 wanda ya ƙarar da garken shanu daga Agadas zuwa Barno, shi ne na 1984 wanda mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwarsa suna El-Buhari, shi ne kuma ya tsuke Tafkin Cadi daga murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Mu mun san abin da ya yi wa gero da dabba. Abin da ya kai ni Salum shi ne in ga abin da ya yi wa bakin teku, da yadda mutanen wurin suka yi da shi.

Daga Kaulaha na bi hanyar da ta nufi iyakar Gambiya, ta ratsa Pasi da Sokon, kimanin kilomita 70, na sauka a Tubakuta, ƙaramin gari wanda daga nan yawancin baƙi ke shiga ruwa. Wani ɗalibi Bakano da ke karatu a Madina Baye ne ya raka ni, shi ya yi mini tafinta, domin a can in ba ka jin Wolof ko Faransanci, sai dai ka yi ta murmushi.

Gwamnatin Senegal ta keɓe wannan gandu a 1976, zamanin Shugaba Leopold Sedar Senghor, wanda shi kansa ɗan ƙabilar Serer ne, haifaffen Jowal da ke arewa kaɗan da yankin. Faɗinsa hekta 76,000, kuma mafi yawansa ruwa ne da laka da tsibirai. Busasshen daji kaɗan ne, shi ne dajin Fatala da ke kusa da iyaka. An sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 1984, sannan a 2011 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. A nan kogin ya rabu gida uku, Salum da Jombos da Banjala, tsakaninsu kuma akwai tsibirai fiye da 200 da ɗaruruwan ƙananan mashigai na ruwan gishiri da mutanen wurin ke kira bolon. Idan kwalekwale ya shiga bolon, bayan kwana uku ko huɗu baƙo ba ya ƙara sanin gabas. Ko'ina bango ne kore, dama da hagu, duk iri ɗaya a idonsa. Matuƙinmu kuwa ko waiwaye bai yi ba, yana tuƙi yana ɓare gyaɗa.

Bangon nan kore shi ne itacen da ake kira mangurof, kuma kada mai karatu ya haɗa shi da mangwaro, ba su da dangi ko na nesa. Hausa ba ta yi masa suna ba don ba ya fitowa sai inda ruwan teku ke hawa da sauka. Sau biyu a yini ruwa yakan ciko ya shanye gindinsa, sau biyu yakan janye ya bar shi tsaye cikin baƙar laka mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Duk wani itace da muka sani, in aka shayar da shi ruwan gishiri mako guda, ya mutu. Wannan a ciki yake rayuwa, kuma iri biyu na fi lura da su. Na farko shi ne na bakin ruwa, wanda saiwoyinsa ke fitowa daga jikin kututture da rassa, su lanƙwaso su caki laka, har ka ga itacen kamar ya ɗage riga yana tafiya a kan ƙafafu hamsin. Saiwoyin nan suna tace ruwa, su hana mafi yawan gishirin shiga. Na biyu yana can baya inda ƙasa ta fi tauri, gishiri ya fi yawa. Shi yakan sha ruwan yadda yake, sannan ya fitar da gishirin ta ganye. Na tsinki ganye ɗaya na lasa, sai ka ce an barbaɗa masa. Da yake lakar ba ta da iska a cikinta, sai ya turo dubban 'yan saiwoyi sama kamar an kafa tsinken tsire, ta nan yake numfashi idan ruwa ya janye.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda na farkon yake haihuwa. Ɗansa ba ya faɗuwa ƙasa ya jira damina kamar na ɗorawa ko na tsamiya. Tun yana jikin uwa yake tsirowa, ya miƙe kamar doguwar kuɓewa mai tsini, ya yi tsawon taƙi ko fiye. In ya faɗo ruwa ya janye, sai ya cake a laka ya kama. In ya faɗo ruwa ya cika, sai ya yi ta yawo a kan ruwa makonni har Allah Ya kai shi inda zai zauna. Wannan halitta tasa ce ta sa dashensa ya zo da sauƙi, zan dawo kan wannan.

Wanda ya je Salum da niyyar ganin giwa da zaki kamar mai zuwa Yankari zai dawo yana cewa an cuce shi. A dajin Fatala akwai gadu da mazo da kura da jan biri, akwai kuma wani biri mai jan gashi da ya fi zama a kan itace, wanda ya kusa ƙarewa a duniya. A gefen dajin an killace wani yanki na 'yan kasuwa inda aka kawo raƙuman dawa da wasu manyan dabbobi daga wasu wurare domin masu yawon buɗe ido. Ban ga laifinsa ba, amma ni a wurina wannan gidan kallo ne, dukiyar wurin ta gaskiya tana cikin ruwa da laka. Da ruwa ya janye, sai lakar ta motsa gaba ɗaya: dubban ƙananan ƙaguwa, namijin da hannu ɗaya ƙato yana ɗagawa kamar mai kiran mota, da wani kifi mai idanu a ka wanda ke tsalle a kan laka yana hawa saiwa. A manyan mashigai akan ga dolfin. Akwai kififiyar teku mai zuwa yin ƙwai a rairayin tsibirai. Akwai kuma ayu, wannan dai ayun da masunta ke ba da labarinsa a Kwara da Binuwai, wanda masu magani suka sa aka kusa ƙarar da shi saboda mansa. Ban gan shi ba, matuƙinmu ma ya ce a shekara bai fi ya gan shi sau biyu ko uku ba.

Tsuntsaye kuwa, sai wanda ya gani. Kwasakwasa, zalɓe iri-iri, balbela, da wasu dogaye masu launin ja-ja da ke tsayawa da ƙafa ɗaya a ruwa marar zurfi. A can bakin teku akwai wani ɗan tsibirin rairayi da ake kira Tsibirin Tsuntsaye, inda dubun dubatar tsuntsayen teku ke taruwa su yi ƙwai a ƙasa, kuma lokacin ƙyanƙyasa ma'aikatan gandu ba sa barin kowa ya yi yawo a kai yadda ya ga dama. Da yawa daga tsuntsayen da ake gani daga Nuwamba zuwa Maris baƙi ne daga Turai, masu gudun sanyi. Danginsu ne ke sauka mana a fadamun Haɗeja da Nguru a daidai wannan lokaci. Da magariba ta gabato matuƙin ya kashe inji kusa da wani ɗan kurmi a tsakiyar ruwa, muka zauna shiru. Suka fara zuwa bibbiyu, sannan goma-goma, sannan ɗari-ɗari, har koren itacen ya koma fari, hayaniyarsu kamar kasuwar Kurmi ranar jajiberin Salla.

Sai dai abin da ya sa UNESCO ta karrama wurin, aikin hannun ɗan Adam ne. A cikin yankin akwai tuddai 218 waɗanda ba ƙasa ba ce, ba dutse ba ne, ɓawon kawa ne da danginta zalla, wanda mutane suka ci naman cikinsa suka zubar, shekara bayan shekara, na tsawon shekaru kusan 2,000. Wasu sun kai tsawon ɗaruruwan mitoci. A kan 28 daga cikinsu an sami kaburbura, inda masu binciken tarihi suka tono tukwane da kayan ado da makamai. Mun sauka a ɗaya daga cikinsu da ke kusa da Tubakuta, mai suna Jorom Bumag. Tun daga nesa na gane shi, don a tsakiyar wannan shimfiɗa ta kore sai ga kukoki manya-manya sun yi cirko-cirko. Duk Bahaushe ya san kuka a daji alamar kufai ce. Ashe haka abin yake har a tsakiyar ruwan gishiri. Ƙasan ƙafarka ƙaras-ƙaras, ko'ina fari. Na tsaya ina lissafi: juji ne fa wannan, jujin abincin mutane, ya taru har ya zama tsibirin da ake binne manya a kansa. Kuma duk tsawon wannan zamani kawar ba ta ƙare ba.

Ba ta ƙare ba, domin har yau ana ɗibarta, kuma aikin mata ne. Matan Serer na tsibirai, waɗanda ake kira Nyominka, da matan Mandinka na wajen Misira da Betenti, sukan fita da janyewar ruwa, su shiga laka har gwiwa, wasu suna tono, wasu suna ɓamɓare kawar da ta manne a saiwoyi. A dafa, a ɓare, a shanya, a kai kasuwa. Aiki ne mai yanka hannu, mai cin baya. Da shi ake sayen shinkafa da littafin yara. Ƙauyuka da dama sukan rufe ɗiba idan damina ta shigo, sai ta wuce a buɗe, wasu kuma sukan hutar da wani mashigi su koma wani. A da mai gaggawa takan sare saiwar gaba ɗaya ta tafi da ita gida ta ɓamɓare a inuwa. Yanzu a wurare da yawa na ga an kafa sanduna cikin ruwa, an rataya igiyoyi da aka shirya tsofaffin ɓawo a jiki, ƙananan kawa su zo su manne su girma a nan, itace ya huta.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bolon ɗin Bambung. A 2003 ƙauyuka 14 na kewayensa, tare da wata ƙungiyar kare muhalli ta Dakar mai suna Oceanium, suka amince a daina kamun kifi a cikinsa ɗungurungum, kuma a 2004 gwamnati ta tabbatar da hakan da doka, yanki mai faɗin hekta kusan 7,000. Masu gadin 'ya'yan ƙauyukan ne. An gina ɗan masaukin baƙi na bukkoki, kuɗin da ya shigo a biya masu gadi, a yi wa jama'a aiki da saura. Masu bincike da suka bi diddigin kifin wurin shekara da shekaru sun tarar manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, waɗanda suka yi ƙaranci, sun dawo. Dalilin a fili yake. Tsakanin saiwoyin nan ne kifin teku da jatan lande ke renon 'ya'yansu, inda babban kifi ba ya iya kutsawa, ganyen da ke ruɓewa kuma shi ne tushen abincinsu. In sun yi ƙwari su fita. Mai kamun kifi a can cikin teku, ko ya sani ko bai sani ba, daga wannan laka yake ci.

Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Masuncin da kakansa ya yi su a Bambung, aka wayi gari aka ce masa haram, yana da abin faɗa, kuma na ji ana faɗa. Kuɗin baƙi ma ba kullum yake zuwa ba. Amma dokar da maƙwabcinka ne mai tsaron ta, kuma ka san inda amfaninta yake zuwa, daban take da wadda aka rubuto daga babban birni aka aiko da mai kaki ya tsare. Mu a Arewa mun ɗanɗana ta biyun. An shata dazuzzuka irin su Kamuku da Rugu, aka nuna wa na kusa da su cewa na gwamnati ne, su kuma suka bar wa gwamnati kayanta. Da gwamnatin ta yi sakaci, kowa ya san waɗanda suka gaje su.

Farin da na ambata ya kashe itatuwan Salum masu ɗimbin yawa, musamman ta gabas da arewa inda gishiri ya fi tsanani. Har yanzu ana ganin filaye fetal, farare, ko ciyawa babu, da kututturan da suka bushe a tsaye. Sara domin itacen girki da bandar kifi ya ƙara ta'azzara abin. Daga 2006 ƙungiyar Oceanium, ƙarƙashin Haidar El Ali wanda daga baya ya zama ministan muhalli a 2012, ta jagoranci gangamin dashe a Kazamans, sannan a Salum, inda mutanen ɗaruruwan ƙauyuka suka dasa miliyoyin itatuwa. Ba a bukatar gandun reno, ba a bukatar ban ruwa. Da damina a tsinko 'ya'yan nan masu kama da kuɓewa a cika buhu, a ja igiya a kan laka, kowa ya bi layi yana cakawa. Na ga wuraren da suka kama har sun fi ni tsawo. Na kuma ga inda aka dasa a ƙasar da ta riga ta yi gishiri da yawa, ba abin da ya rage sai 'yan sanduna baƙaƙe a jere. Wani ɓangare na kuɗin aikin daga kamfanonin Turai ya fito, waɗanda ke biya domin a rubuta musu cewa itatuwan sun shanye hayaƙin da masana'antunsu suka fitar. Wannan ciniki yana bukatar a sa masa ido: matar da ta shiga laka ta dasa, ya kamata ta san nawa aka sayar da abin da ta dasa, da kuma ko gobe za a hana ta shiga wurin.

Akwai abubuwan da suka fi ƙarfin ƙauye. A da wani dogon harshen rairayi mai suna Sangomar ya tokare tsakanin teku da bakin kogin, yana kare tsibirai daga igiyar ruwa. A watan Fabrairun 1987 guguwa ta fasa shi kusa da Jifer, kuma tun daga lokacin ɓarakar take ƙara faɗi har ta kai kilomitoci. Garuruwa irin su Jonewar da suke a ɓoye a da, yanzu teku na dukan su kai tsaye, yana cin gaɓa, yana shiga rijiyoyi. Kifi ya ragu a tekun Senegal saboda manyan jiragen kamun kifi da masana'antun da ke niƙa ƙananan kifaye su fitar waje a matsayin abincin dabbobi. Samarin tsibiran nan, waɗanda suka fi kowa sanin teku, da yawansu sun juya kwalekwalensu sun nufi tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, wasu sun isa, wasu har yau iyayensu na jiran labari.

Sannan ga man fetur. A watan Yunin 2024 Senegal ta fara haƙo mai a karon farko, daga wata rijiya a cikin teku da aka raɗa wa sunan wannan harshen rairayi, Sangomar, kimanin kilomita 100 kudu da Dakar, wato daura da bakin Salum. Kamfanin Woodside na Ostireliya ne ke aikin tare da kamfanin mai na ƙasar, Petrosen, da burin ganga 100,000 a rana. Ba ni da bakin da zan ce wa ƙasa matalauciya kada ta taɓa arzikinta, mu da muka shekara fiye da 60 muna cin na Neja Delta. Amma daidai wannan ne ya sa ɗan Najeriya yake da abin da zai gaya musu. Dajin mangurof mafi girma a Afirka namu ne, yana Neja Delta, kuma mun ga abin da ɗanyen mai yake yi masa. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Mai in ya zuba a rairayi ana iya kwashe shi da shebur. In ruwa ya ciko da shi cikin bolon, sai ya shafe 'yan saiwoyin nan da itacen ke numfashi da su, ya gangara ramukan ƙaguwa, ya zauna cikin lakar da ba iska balle ya ruɓe. Kawa kuma tace ruwa take yi ta ci, duk abin da ke cikinsa a jikinta yake taruwa, kuma ko jita-jitar malala ta isa ta sa a ƙi sayen ta a kasuwar Kaulaha.

Masunta da ƙungiyoyin matan yankin sun daɗe suna neman a bayyana musu shirin da aka yi domin ranar da ba a fata: kayan tare mai suna ina, wa zai fara isowa, cikin awa nawa, kuma wa zai biya matar da aka rufe wa mashigi shekara guda. A Bodo ta ƙasar Ogoni, malalar da aka yi a 2008 sai a 2015 aka kai ga biyan diyya, bayan shari'a a Landan, aikin share lakar kuma ya ɗauki wasu shekarun bayan haka.